Takardar Auren Idalina

Saura kwana biyar jirgin ruwan ya tashi daga Mumbai aka kira Idalina a waya. Tana bakin rijiya tana gyaran kifi, hannunta duk ƙarni, sai ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa. Prachi ce, yarinyar da ke aiki a ofishin shirya tafiye-tafiye a Margao.

"Anti, akwai 'yar matsala, amma kada hankalinki ya tashi. A tikiti an rubuta Idalina Furtado, a fasfonki kuma Idalina Barreto."

"To, ai duk ni ce. Furtado na mijina, Barreto na ubana."

"Ni na sani, Anti. Mutanen bakin jirgi ne ba su sani ba. Lokacin canza suna kuma ya wuce, kamfanin ya riga ya miƙa wa hukuma jerin sunayen fasinjoji. Ki kawo mini takardar aurenku kawai, ta ofishin rajista, ba ta coci ba. Da ita za su gane mutum ɗaya ce."

Idalina ta ce wannan ai mai sauƙi ne. 'Yarta Savia, wadda ke aikin jinya a Dubai, ita ta saya musu tikitin, ta kuwa rubuta sunan uwarta yadda ta tashi ta ji ana kiranta. Tafiyar kwana tara ce, daga Mumbai zuwa Colombo da Malé a dawo. Idalina ba ta taɓa hawa abin da ya fi jirgin fito na kogin Sal girma ba, ko da yake shekara talatin da shida tana auren mutumin teku.

Mijin nata, Minguel, yana zaune a dakalin ƙofar gida da jakar takardunsu a cinya. Shekara talatin da uku ya yi a jiragen yawon shaƙatawa. Ya fara da wanke-wanke a can ƙarƙashin jirgi inda ba taga, ya ƙare yana shugaban masu kai abinci tebur. A ƙauyenmu na Velim da wuya ka sami gidan da ba shi da mai aikin jirgi, kuma duk wanda zai fita sai ya kawo takardunsa Minguel ya duba masa. Zai ɗora tabarau a kan hanci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Jirgi ba ya jiran mai gurguwar takarda." Wannan jakar kuwa tun wata biyu yake shirya ta. Fasfo biyu, bizar ƙasashen da za a tsaya, katin rigakafi, wasiƙar likita a kan allurar ciwon sugan Idalina, kowace takarda da kwafinta uku.

Idalina ta fito tana goge hannu da gefen riga.

"Takardar aurenmu suke so. Tana cikin jakar nan taka?"

Bai ɗago ba. "Ta coci tana cikin kabad."

"Ta rajista suka ce."

"Su wa suka ce? Yarinyar nan da aka yaye jiya? Shekara talatin da uku ina hawa jirgi, ba wanda ya taɓa tambayata takardar aure."

"Kai ai sunanka ɗaya ne."

Ya rufe jakar, ya buɗe, ya sake rufewa. Can ya ce, "Ni fa gwiwar nan tawa ta fara damuna. Kuma teku a wannan watan ba shi da tabbas. Ko a bar tafiyar nan sai baɗi?"

Idalina ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da ya ishi kowa a kasuwar kifi da labarin yadda zai zauna a tebur a kawo masa abinci, shi ne yau yake cewa a bari. Ta ce, "Gwiwarka ta yi haƙuri. Gobe da safe za mu ofishin rajista mu karɓo kwafi."

Ranar bai ci abincin rana ba, ga miyar kifin ta yi daɗi. Da rana tsaka ya fita ba 'ya'yan kwakwa ruwa, ya dawo ya kwance ƙyauren lambu da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya gidan. Idalina tana ganinsa ta tagar kicin, ta ɗauka zumuɗin komawa teku ne.

Washegari Talata ya goya ta a babur. Tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba sai da ta ci musu awa guda. Ya tsaya shan mai alhali tankin a cike yake, ya tsaya duba iskar taya, ya tsaya gaisawa da wani da ko sunansa bai tuna ba. Ita kuwa tana bayansa tana zungurinsa da jakar hannu.

A ofishin suka bi layi ƙarƙashin fanka mai kuka. Da aka zo kansu, magatakardan, wani mai furfura da biro a bayan kunne, ya tambayi ranar auren da sunan cocin. Ya duba kwamfuta bai gani ba. Ya shiga ciki ya fito da wani ƙaton littafi da bangonsa ya fara rabuwa, ya bi layi-layi da yatsa.

"Ga sa hannunku na farko nan, watan Janairu, 1988. Kun zo kun ce za ku yi aure. Amma takardar da coci ke aikowa bayan an ɗaura, ba ta taɓa zuwa ba."

Idalina ta ce, "Me ke nan?"

"Ke nan, Anti, a wurin Allah kun yi aure, a wurin gwamnati kuma har yau ana jiranku." Ya juya wajen Minguel yana dariya. "Ankul, ashe kai har yanzu saurayi ne. Ka yi hankali da matan kasuwa."

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Minguel ya ciro hankici ya share wuya. "Mutanen cocin nan," in ji shi, "haka suke, sakaci ya yi musu yawa."

"To mu je cocin," in ji Idalina.

"Yanzu? Fada yana hutun rana."

"Ba Fada nake nema ba. Bostiao nake nema."

Bostiao shi ne mai riƙe da littattafan cocinmu tun kafin a haifi Fadan da ke ci yanzu. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, amma ba haihuwa ko aure ko mutuwar da ta wuce shi a ƙauyen nan. Ya ɗauko littafin shekarar, ya hure ƙura, ya buɗe shafin kamar jiya ya rufe shi. Idalina ta ga sa hannunta na lokacin tana 'yar ashirin da huɗu, ƙanana-ƙananan baƙaƙe a tsorace. A gefen shafin akwai wani rubutu da tawada mai shuɗi, hannun tsohon Fada, wanda ya daɗe da rasuwa.

Bostiao ya kai idonsa kusa, ya karanta da ƙarfi irin na kurame: "An ba ango takardar rajista hannu da hannu, zai kai da kansa." Ya ɗago yana murmushi, yana jin daɗin tunawa. "Haka aka yi! 'Yan gidan waya suna yajin aiki lokacin. Kai ka ce wa Fada, kawo in kai, ai gobe zan shiga gari. Ko ba haka ba, Minguel?"

Minguel ya ɗauki makullin babur. Ya juya ya fita.

Idalina ta roƙi Bostiao ya rubuta mata sabuwar shaida ta coci, Fada ya buga hatimi idan ya tashi, ta gode masa. Da ta fito Minguel yana kan babur ya tayar da inji. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta kama hanyar gida da ƙafa, cikin rana, ta gefen gonakin shinkafa. Shi kuma ya biyo ta a hankali, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa, yana cewa, "Ida, hau mana. Suganki zai faɗi. Ida." Matan da ke shanya barkono a bakin hanya suka bi su da kallo.

Sai da suka shiga gida ta rufe ƙofa sannan ta yi magana.

"Ina take?"

Ya shiga ɗakin ajiya ya jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe, wanda ya fara tafiya da shi. A ƙarƙashin wasu fararen rigunan aiki da suka yi ja akwai littafinsa na farko na ma'aikacin jirgi. Ya buɗe, ambulan ta faɗo. Ta yi rawaya, amma bakinta a liƙe yake, hatimin coci yana nan raɗau.

Ya zauna a bakin akwatin. "Kin tuna washegarin bikinmu tangaram ta zo, wai in isa Bombay, Mumbai ta yanzu, cikin kwana biyu ko a ba wani gurbina. Na sa ta a littafin nan, na ce zan biya ofishin a hanya. Bas ta makara, na ga zan rasa jirgin ƙasa. Daga nan ta fita a raina, Allah ne shaidata."

"Ta fita a ranka shekara talatin da shida."

"Shekara tara. A ta tara na gan ta, lokacin da na canza akwati."

Idalina ta dafa bango. Da mantuwa ce kawai, da da sauƙi.

"Na je ofishin ni kaɗai a hutun nan," in ji shi. "Suka ce ta tsufa, sai mun zo mu biyu, sai an nemi izini daga sama. Na dawo in gaya miki, na tarar kina kwana a asibiti wajen mahaifiyata. Na ce sai hutu na gaba. Hutu na gaba ana zuba rufin gidan nan. Na gaba kuma..." Ya juya littafin a hannunsa. "Kullum da na buɗe baki sai in ga fuskarki yadda take yanzu."

"Shekarar da jirginku ya kama wuta," in ji Idalina, muryarta ƙasa-ƙasa, "kwana huɗu ban san ko kana raye ba. Yayarka ta zo ta zauna a falon nan tana bin bango da ido kamar mai awo. Na ce a raina, ta yi ta kallo, ni matarsa ce, rabin gidan nan nawa ne a doka, ba mai fitar da ni da 'ya'yana. Ni na tsaya a kan magina, ni na ɗauki yashi a ka ranar da leburori suka ƙi zuwa. Ashe ba abin da ke bayana sai iska. Kuma lokacin ka sani."

"Na sani."

"Kana zaune a dakali da tabarau kana duba takardun 'ya'yan mutane. Jirgi ba ya jiran mai gurguwar takarda! Taka ai ko ƙafa ba ta da ita."

Ta karɓe ambulan daga hannunsa, ta shiga ɗakin Savia ta turo ƙofa.

Safiyar Laraba Idalina ta kasa zama wuri ɗaya. Ta kwashe kayan da ta shirya a akwati ta mayar kabad, ta sake fito da su. Ta ɗora shayi ta manta shi har ya ƙone. Ta share tsakar gida sau biyu. Kafin mai burodi ya gama zagayensa na safe, labari ya gama ƙauye, don Bostiao ba ya iya magana a hankali. Sai ga yayarta Ermelinda ta faɗo gidan da lema a hammata.

"Ina angon?" in ji ta tun daga ƙofa. "A gaya masa mu ba ma ba da ƙanwarmu ga mutumin da ba shi da aikin yi."

"Yaya, don Allah ki bari."

"In bari? Ni tun ranar bikin na ce idonsa bai kwanta mini ba. Ki fasa tafiyar nan. Ki bar shi ya hau jirginsa shi kaɗai, ai ya saba. In sun kai tsakiya su tura shi."

Minguel yana bayan kicin yana fasa kwakwar da ba wanda ya sa shi, yana jin komai.

Idalina ta ɗaure gashinta, ta ɗauki jakar takardun nan da ba mai taɓawa sai shi. "Ba zan fasa ba. 'Yata ce ta saya mini da guminta. Shekara da shekaru ina ganin jirgin nan a hoton kalanda, ina wanke rigunan da ke warinsa. Sai na ga cikinsa da idona."

Ta hau bas ita kaɗai. A ofishin rajista magatakardan jiya ya juya ambulan gaba da baya, ya daina dariya. Ya ce za a iya gyarawa, amma aikin wata uku ne ko huɗu, ba na kwana uku ba. Daga nan ta wuce ofishin Prachi, ta zauna ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

Prachi ta riƙe baki. "Ankul Minguel? Shi da ya mayar mini da fom sau biyu saboda waƙafi?" Ta yi tunani kaɗan. "Ga abin da za mu yi, Anti. Ki karɓo shaidar coci mai sabon hatimi. Ki je wurin lauya ki yi takardar rantsuwa cewa Barreto da Furtado duk ke ce, shi ma Ankul ya sa hannu. Ni kuma zan aika wa kamfanin duka, in roƙe su. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da tabbas. Maganar ƙarshe tana bakin jirgi. Kuna iya zuwa har Mumbai a ce a'a."

"In a'a ce, gara in ji ta a can."

Ta fito ta kira Minguel a waya. "Ka biya wurin Bostiao ka karɓo shaidar, ka same ni a Margao, ofishin lauyan da ke bayan kasuwa. Ka taho da katin shaidarka. Kuma kada ka tsaya shan mai."

Cikin minti ashirin da biyar ya iso.

Alhamis ta zo ba amsa daga kamfanin. Idalina ta kira Prachi da ƙarfe tara, da goma, da sha ɗaya da rabi, har yarinyar ta koma ɗaga waya da cewa, "Shiru har yanzu, Anti." Da yamma Savia ta kira tana tambaya ko an saya maganin jiri. Idalina ta ce an saya, komai lafiya. Da ta kashe wayar ta dubi Minguel. "Kai za ka gaya mata, da bakinka, ita da ƙaninta. Amma ba yanzu ba. Ba zan ɓata mata kyautarta ba."

Ranar Juma'a suka hau jirgin ƙasa na safe. Wuni guda suna zaune suna fuskantar juna, jakar takardun tana cinyarta, hannunta biyu a kai. Duk tashar da aka tsaya sai ta buɗe ta ƙirga, ta duba wayarta, ta rufe. Minguel ya yi ta kai da kawo tsakanin kujera da ƙofar tarago. Sau ɗaya ya ce, "Ki sa fasfo a gaba, biza a bayansa, haka suke so." Ta ɗago ido ta dube shi, ya koma ƙofa. Bayan ya tafi ta mayar da fasfon gaba. A Mumbai suka kwana a gidan saukar 'yan ƙauyenmu, inda ma'aikatan jirgi ke jiran kira.

Asabar da ƙarfe sha ɗaya suna tashar jirgin ruwa. Idalina ta ga jirgin ta saman rufin zauren, fari fat, ya fi cocinmu tsawo sau nawa. Zauren cike yake da mutane da akwatuna, yara suna guje-guje, lasifika tana ta kira. Awa ɗaya da rabi suka yi a layi. Ma'aikacin da ke kanta ya duba fasfon Minguel, ya ɗauki hotonsa, ya miƙo masa katin shiga. Ya buɗe na Idalina, ya dubi kwamfuta, ya sake duban fasfon.

"Madam, sunan bai yi daidai ba."

Ta zaro takardun ta jera masa. Ya ce shi ba shi da ikon wannan, kuma ba wani saƙo da ya iso gare shi. Ya kira shugabarsu, wata doguwar mata mai rediyon hannu, an rubuta Farzana a ƙirjin rigarta. Ta karanta shaidar coci, ta karanta takardar rantsuwa.

"Ina ta rajista?"

"Babu," in ji Idalina.

"Wannan fa?" Farzana ta nuna tsohuwar ambulan da ta leƙo daga jakar.

"Wannan ita ce aka ba da a kai ofishin rajista a 1988. Ga ɗan aiken nan tsaye, bai isa ba tukuna."

Farzana ta dubi Minguel daga sama har ƙasa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gaskiya ne, Madam. Laifina ne, ba nata ba. In akwai wanda za a bari a ƙasa, ni ne."

"Kai takardunka lafiya lau suke, Ankul, abin haushin ke nan." Ta tattara takardun. "Anti, waɗannan ba su isa in bar ki ki shiga da sunan Furtado ba. Abin da zan gwada shi ne in roƙi jami'an shige da fice su yarda a gyara sunan a jerin, ya koma na fasfo. Wani lokaci suna yarda, wani lokaci ba sa yarda. Ƙarfe uku ake rufe ƙofa. Ku zauna can."

Suka zauna a benci kusa da bango. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Layin ya fara raguwa. Idalina ta tashi ta je ta leƙa ƙofar da Farzana ta shiga, mai gadi ya ce ta koma. Ta koma, ta zauna, ta sake tashi. Akwatinsu an riga an wuce da shi ciki, sai ta fara tunanin yadda za a yi a fito da shi, da abin da za ta ce wa Ermelinda, da yadda za ta sauka daga bas a Velim ranar Lahadi ana fitowa daga coci.

"Ka shiga mana," ta ce wa Minguel. "Ga katinka a hannu."

"Ba inda za ni."

"Da can ai tafiya kake yi."

"Da can," in ji shi.

Ƙarfe biyu suganta ya fara sauka. Ya lura kafin ita. Ya zaro ayaba biyu da biskit daga aljihun jakarsa, ya ɓare ya miƙa mata. Ta karɓa ba ta dube shi ba, ta ci. Zauren ya koma saura su da wasu iyali da jaririnsu ba shi da fasfo, uwar tana kuka, uban yana ta faɗa da waya. Idalina ta ga lokacin da aka fito musu da akwatunansu. Ta kawar da kai ta zuba wa agogon bango ido.

Uku saura kwata Farzana ta fito da sauri, rediyonta yana ta magana. Ta miƙa wa Idalina fasfo da kati.

"Sun yarda. Sun ce su fasfo suka sani. Ku yi sauri, ƙofa ta biyu." Ta riƙe ambulan ta miƙa wa Minguel, sai ta fasa, ta ba Idalina. "Ke riƙe."

Suka bi doguwar gadar shiga kusan da gudu, gwiwar Minguel ba ta ce komai ba.

Gyaran rajistar ya ci wata huɗu da 'yan kwanaki bayan sun dawo. Sau bakwai suna zuwa ofishin, kuma kowane zuwa Idalina ce ke gaba. Minguel ya gaya wa 'ya'yansa da bakinsa. Savia ta yi wata guda ba ta ɗaga wayarsa. Ranar da aka sa hannu na ƙarshe Ermelinda ce shaida, ta zo da rigar biki, ta tsaya a kan sai ango ya sayi abincin rana. Idalina ba ta koma ɗakinsu ba sai bayan Ista.

Da na tambaye ta yadda cikin jirgin yake, ba ta yi maganar Colombo ko Malé ba. Ta ce yammacin farko, rana ba ta gama faɗuwa ba, aka kai su wani tebur kusa da taga. Mai kawo abincin mutumin Cuncolim ne, garin da ke kusa da mu, ya taɓa aiki a ƙarƙashin Minguel. Yana ganinsa ya ƙame, ya ce, "Shugaba! Kai ne? Wannan ce Madam?"

Idalina ta ce, "Tambaye shi."

Minguel ya ce ita ce. Aka kawo miya, aka kawo kifi. Shi dai ya kasa sakewa, yana zaune a bakin kujera, idonsa yana kan teburin kusa da su inda aka bar kwanuka ba a kwashe ba. Can ta ga ya ɗora adiko a hannu ya fara miƙewa. Ta kama gefen rigarsa ta jawo shi.

"Zauna," ta ce. "Ka zuba mini ruwa."